Filin Al'adu: Yadda Ake Cin Ƙarfin Kiɗa Mai Wuya

Duk wanda ya san unguwar Dilimi a birnin Jos ya san 'yan kayan gyaran mota da yaran kanikawa da ke kai da kawowa a cikinta. Mai gidan gareji ba ya miƙa wa sabon yaro injin sukutum ya ce ya gyara. Sai ya kwance shi, ya ba yaron ƙarfe guda, ya wanke, ya mayar, ya sake cirewa, har hannunsa ya san wurin ko da idonsa a rufe. To, a ƙasar nan ta Filato akwai wata sana'a da ke bukatar irin wannan haƙuri, watau kiɗan kundung na Birom.

Kundung jerin allunan itace ne, kowane allo da muryarsa, a ƙarƙashinsu an ɗaura ƙahonin shanu domin ƙara amo. Akan liƙa wa bakin ƙahon farar yanar nan da gizo-gizo ke rufe ƙwansa da ita, ita ce ke sa sautin ya riƙa zuza. Mutanen Bura na ƙasar Biu suna da irinsa, Mandinkawa kuwa suna da balafon. Babban ɗan'uwansu a duniya shi ne marimba, wanda ƙasar Gwatamala ta mai da shi kayan kiɗanta na ƙasa a 1978. Marimba babba ta makaɗan zamani tana da allo 61, tsawonta ya fi ƙafa 8, kuma da sanduna huɗu ake kaɗa ta, biyu a kowane hannu.

Wahalar waɗannan kayan kiɗa iri ɗaya ce. Mai gurmi yatsansa na kan tsirkiya, mai algaita yatsansa na kan huji, amma shi mai kundung ko marimba ba ya taɓa allon da jikinsa. Daga sama yake auna nisa ya sauke sanda. In ya kuskure da faɗin yatsa biyu, wata murya dabam za ta fito, kuma duk filin rawa sai ya ji.

Abin da ke kashe yawancin masu koyo shi ne gaggawa. Yaro ya ji gwani ya zuba kiɗa kamar ruwan sama, sai ya zauna ya ce shi ma da wannan sauri zai fara. Ya taso daga farko, ya zo wurin da ke da wuya ya yi tuntuɓe, ya koma farko, ya sake tuntuɓe a wuri guda. Bayan mako biyu farkon kiɗan ya zauna daram, tuntuɓen ma ya zauna daram, domin hannu ba ya rarrabe daidai da kuskure, abin da aka fi maimaita masa shi yake riƙewa. Cire kuskuren da ya riga ya shiga hannu kuwa ya fi koyon sabon kiɗa cin rai.

Malaman marimba sun daɗe da gane wannan. Shawararsu ita ce a nemi gaɓar da ta fi wuya a fara da ita, a yanke ta gajeriya, bugu shida ko takwas, a kaɗa ta a hankali ƙwarai, har mai wucewa ya kasa gane wace waƙa ce. Dama ta yi nata ita kaɗai, hagu ta yi nata, sa'an nan a haɗa su. Tun ranar farko a tsai da wace sanda ce za ta bugi wane allo, kada yau a yi da wannan gobe da waccan. Ba a ƙara sauri sai gaɓar ta fito sau da yawa a jere ba tangarɗa, kuma ƙarin kaɗan ne. In ta lalace a koma baya. Wani Ba'amurke mai suna Leigh Howard Stevens ya fitar da littafi a 1979 a kan riƙon sanduna huɗu da motsin hannu, wanda har yau makarantun kiɗa ke aiki da shi, kuma galibinsa irin wannan maimaici ne na motsi ɗaya-ɗaya.

Akwai wurin da ake yawan mantawa, watau mahaɗa. Mai koyo yakan iya gaɓa ta ɗaya, ya iya ta biyu, amma tsallakawa daga wannan zuwa waccan ta gagare shi. Maganinsa a ɗauki bugu biyu na ƙarshen ta ɗaya da biyu na farkon ta biyu a mai da su darasi mai zaman kansa. Ga mai marimba har ƙafa tana da darasinta, tunda tilas ya taka gefe ya bi tsawon allunan kafin hannu ya isa.

A nan makaɗan gargajiya suna da abin da za su koya wa 'yan makaranta. Su ba takarda suke dubawa ba, da kunne suke ɗauka, kiɗan yana bakinsu kafin ya sauko hannu. Wanda ya iya rera gaɓa da baki, ya tafa ta a cinya, ya riga ya yi rabin aikin.

Rashin kayan kiɗan ma ba hujja ba ne. Marimba tsada gare ta, kundung mai kyau kuma ba a kowane gida yake ba. Amma yaro yana iya zana allunan a kan kwali daidai faɗinsu, ya shimfiɗa a kan katifa ya yi ta auna nisa da sandunansa, ba tare da ya tashi maƙwabta ba. Rabin sa'a da safe da rabin sa'a da yamma sun fi sa'a huɗu ranar Asabar, don wuyan hannu yana gajiya, tsakanin yatsu kuma yakan yi bororo. Idan ranar fita ta matso, ko bikin Nzem Berom ne ko jarrabawar makaranta, sai ya tara ƙannensa biyu ko uku ya kaɗa musu daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ya ɗauka a waya, gobe da safe ya saurara ya ga inda hannun ya yi rawa.