Kalmomin Karta da Darajar Hannu: Aikin da ke Jiran Ɗaliban Hausa

Ko wanda bai taɓa zama gaban gurbin dara ba ya san abin da ake nufi in an ce dara ta ci gida. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa wasannin jama'a rumbu ne na kalmomi. Amma duk da haka, in an duba batutuwan da ɗaliban Hausa suka fi zaɓa don kundin neman digiri, sai a ga ana rububin kalmomin saƙa da ƙira da dambe, an bar karta a yashe, domin kawai tana warin caca. Wannan kuwa kuskure ne wanda ya kamata a gyara tun abin bai gagara ba.

A ɗauki ƙasar Zamfara misali. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya kai Kauran Namoda a 1929, Gusau ta zama matattarar baƙi masu cinikin gyaɗa da auduga. Tsafe da Bunguɗu kuma suna bisa babbar hanyar mota, ɗaya ta wajen Funtuwa, ɗaya ta wajen Sakkwato. Duk inda direbobi da 'yan kamasho da fatake suka yada zango, da wuya a rasa masu buga karta, da kalmominsu irin su zi da kubi. Daga baya ga Whot, wadda wani Bature mai suna William Storey ya ƙago a Ingila a 1935, ta cika majalisun samari. Da Gwamna Ahmed Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ran 27 ga Oktoba, 1999, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, caca ta zama laifi a gaban alƙali. 'Yan wasa suka janye daga bainar jama'a, kalmominsu suka bi su. Sai ga wayar hannu ta shigo da wani baƙon wasa wanda ba ya bukatar tabarma ko inuwa, watau foka, da sunayensa duka na Turanci.

Foka dai wasa ne na karta mai ƙwaya 52, dangi huɗu, kowane dangi ƙwaya 13. Ƙwaya biyar ɗin da mutum ya riƙe su ake kira hannu, kuma in an zo buɗewa, mai hannu mafi daraja shi ke kwashe abin da aka zuba. Tambayar da ta shafi mai nazarin harshe ita ce: me ya sa wani hannu ya fi wani? Amsar lissafi ce. Ƙwaya 52 suna iya ba da hannu iri-iri har 2,598,960, kuma gwargwadon wuyar samun hannu, gwargwadon darajarsa.

Ga jerin daga ƙasa zuwa sama, da sunayen da za su iya zama da shi a Hausa. Hannun da ba abin da ya haɗu a cikinsa, a kira shi fanko. Irinsa 1,302,540 ne. Ƙwaya biyu masu lamba ɗaya tagwaye ke nan, 1,098,240. Tagwaye biyu a hannu ɗaya, 123,552. 'Yan uku, watau ƙwaya uku masu lamba ɗaya, 54,912. Jere, inda lambobi biyar suka biyo juna, kamar daga 5 zuwa 9, ba tare da dangi ya zo ɗaya ba, 10,200. Anko, inda duka biyar ɗin dangi ɗaya ne amma lambobin ba su jeru ba, 5,108. Uku da biyu, watau 'yan uku haɗe da tagwaye, 3,744. 'Yan huɗu, 624. Jeren anko, inda aka sami jere kuma dangi ɗaya, 36. Sa'an nan na ƙoli, jeren sarauta: As da Sarki da Sarauniya da Jak da 10, duka na dangi ɗaya, irinsa huɗu ne rak. In mutum biyu suka zo da hannu mai suna ɗaya, mai babbar lamba ya ci, domin a wajen buɗe hannu babu dangin da ya fi wani.

Abin da ya tabbatar da cewa ƙaranci ne ma'aunin, shi ne yadda jerin ke sakewa in an sake yawan karta. Wani ɗan wasan kwaikwayo na Ingila, Joseph Cowell, ya ba da labarin fokar da ake bugawa a New Orleans ta Amurka a 1829: ƙwaya 20 ce kacal, mutum huɗu, kuma ba a lissafa jere ko anko. Sai da aka koma karta mai 52 suka shigo. Har wa yau akwai wani salon da ake zare lambobi 2 zuwa 5, ƙwaya 36 su rage. A nan anko yakan ragu zuwa 480, alhali uku da biyu na da 1,728, saboda haka sai a ɗaga anko bisa uku da biyu.

A nan ne darasin yake ga masu ƙirƙirar kalmomi. Hannun nan na uku da biyu, Turawa na kiransa da abin da in an bi shi kalma da kalma zai zama cikakken gida. Bahaushen Bunguɗu da ya ji cikakken gida, mata da 'ya'ya da baƙi za su faɗo masa a rai, ba zai taɓa hango ƙwaya uku da ƙwaya biyu ba. Amma anko, duk wanda ya taɓa ganin 'yan mata sun fito biki da atamfa iri ɗaya ya gane shi nan take. Ashe sai an fahimci ma'anar abu tukuna ake raɗa masa suna, kuma wannan ƙa'ida ita ce dai ake bukata wajen kalmomin kimiyya da likitanci da shari'a.

Lalle wasu za su ce, sa wa caca sunan Hausa tamkar ɗinka mata babbar riga ne, a shigar da ita zaure. Damuwarsu tana da tushe, domin haramcin caca a fili yake cikin Alƙur'ani, a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ba a rasa gidan da ta rusa a kowane gari. Sai dai malaman fikihu ba su ƙi bayyana ma'anar riba da caca dalla-dalla ba don suna haramun. Da bayanin ne ma almajiri ke gane abin da zai guje wa. Haka kuma Bargery bai tsallake kalmar caca ba a ƙamusunsa na 1934.

Daɗin daɗawa, lissafin da kansa wa'azi ne. Fiye da rabin hannuwan da ake rabawa fanko ne. In an haɗa fanko da tagwaye, sun haura 92 cikin 100. Jeren sarauta kuwa, wanda ake zana hotonsa a tallace-tallace don jan hankalin yara, sau ɗaya yake zuwa cikin 649,740 in ƙwaya biyar aka raba kai tsaye. Wanda ake raba wa hannu 100 kowace rana, bisa matsakaicin lissafi sai ya kusa shekara 18 yana jiransa. Saurayin Tsafe da ke danna waya cikin dare yana zuba kuɗin jarinsa, sunayen Turancin sun rufe masa ido ne, yana ganin kamar wani asiri ne da zai gano wata rana. Ran da aka gaya masa da harshen uwarsa cewa rabin abin da ke zuwa hannunsa fanko ne, ya sami abin da zai auna.

Saboda haka aiki biyu ne ke gaban Sashen Hausa. Na farko, a ba ɗaliban da suka fito daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu damar zama da dattawan da suka buga karta a ƙuruciyarsu suka bari, a rubuta sunayen dangogi da na ƙwayoyi, da kalmomin rabo da na ci da na faɗuwa, da habaicin da ake yi wa wanda aka cinye, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Waɗannan dattawa ba za su dawwama ba, kuma abin da ke bakinsu ba ya cikin waya. Na biyu, malamai su zauna da takwarorinsu na Sashen Lissafi, a tace sunayen da aka kawo a sama, a gyara na gyarawa, a zubar da na zubarwa, a ɗora wa kowane ma'anarsa da adadinsa. Malamin da zai duba kundi na gaba, in ɗalibi ya zo masa da wannan batu, ya dace ya saurare shi kafin ya ɗaure fuska. Allah Ya sa a dace.