Allurar rage ƙiba: wa ta dace da shi, wa ya kamata ya nisance ta?

Sunan Ozempic ya shiga hirar ofisoshin Abuja, har ana ambatonsa kamar wani man shafawa. Asalinsa kuwa maganin ciwon suga ne, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017. A 2021 ta amince da Wegovy, wanda sinadarinsa ɗaya da Ozempic, domin rage ƙiba, sannan Zepbound ya biyo baya a 2023. Allura ce ta mako-mako da ke rage yunwa, ta kuma jinkirta fitar abinci daga ciki.

An yi ta ne domin baligin da ma'aunin BMI ɗinsa ya kai 30, ko wanda ya kai 27 kuma yana fama da hawan jini, ciwon suga ko yawan kitse a jini. Mai tsawon mita 1.7 yakan kai 30 idan nauyinsa ya kai kilo 87, ya kai 27 a kilo 78. Ga irin wannan mutum amfanin ba ƙarami ba ne. A babban gwajin Wegovy, mahalarta sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Wani binciken na 2023 ya nuna raguwar kashi 20 cikin ɗari a haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya, a tsakanin masu ƙiba da suka riga suka kamu da ciwon zuciya. Daraktan da ya shafe shekara ashirin a kan kujera, ga tumbi ga hawan jini, yana da dalilin tuntuɓar likitansa.

Amarya mai son zubar da kilo biyar kafin biki ba ta cikin wannan sahu. Mai juna biyu ma haka, kuma wadda ke neman haihuwa ana so ta daina Wegovy aƙalla wata biyu kafin ɗaukar ciki. An hana ta ga duk wanda shi ko wani a danginsa ya taɓa yin wani nau'in sankara da ke kama halittar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo. Wanda ya taɓa kumburin gaɓar da ke samar da insulin, ko tsakuwar matsarmama, sai likita ya yi dogon nazari. Mai ciwon suga da ke kan insulin kuma sugansa na iya faɗuwa ƙasa idan ba a daidaita masa magani ba, lamarin da ya fi tsanani a watan azumi.

Sai dai tambayar da ta fi shafar ma'aikacin gwamnati ita ce ta ɗorewa. Waɗanda suka daina allurar bayan wancan gwaji sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar a cikin shekara guda. Wato magani ne na dogon zango, kamar na hawan jini, kuma kuɗinsa na wata ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda zai saya da kuɗin alawus na tafiya ɗaya, ya yi wata biyu ya tsaya, ya sha tashin zuciya da amai ne a banza.

Tsadar ce ke tura mutane wajen masu talla a Instagram da WhatsApp, kuma a nan haɗarin ya fi yawa. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya kutsa waɗancan kasuwanni, tamu ba ta tsira ba. Ko na gaske ne, dole a ajiye shi a firji kafin a fara amfani da shi, kuma kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Mai tallan da bai nemi takardar likita ba, ba zai tambayi tarihin dangin mai saye ba, ba kuma zai faɗi awa nawa kayansa suka yi a cikin zafi ba.