Ga Mari Ga Tsinka Jaka

Gwamnatocin Biritaniya sun ɗaga shekarun karɓar fansho: na mata daga 60 ya kai 65 a 2018, na kowa ya kai 66 a 2020, dokar 2014 kuma ta yanke 67 zuwa 2028. Hujjarsu wai mutane sun ƙara tsawon rai. To, amma tallafin tsofaffi matalauta, watau Pension Credit, shi ma an ɗaure shi da shekarun fansho. Saboda haka leburan da ƙarfinsa ya ƙare yana ɗan shekara 63 sai dai ya nemi Universal Credit, wanda bai kai rabin wancan ba. Attajiri yana da ajiyar da zai ci kafin lokacin. Talaka fa, me zai ci?