A tura ɗaliban jarida Tambuwal da Kebbe da kyamara

A shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba karatun aikin jarida gida-gida, har shirya fim ya samu nasa digiri. Abin ya faranta mini rai. Amma har yau yawancin ɗalibanmu da kundin bincike suke kammala karatu: a raba takardun tambayoyi, a haɗa alƙaluma, a yi masa bango mai kauri, a ajiye a kanta ƙura ta rufe shi. Roƙona ga masu koyar da wannan fanni, daga Sakkwato har Jami'ar Bayero ta Kano, shi ne aikin ƙarshe na ɗalibi ya zama fim na gaskiya, wanda ya ɗauko daga garinsu.

Ga misali, Tambuwal ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, kuma akwai dattawa a can da Dogon Daji da Jabo da ke riƙe da tarihin gidajensu a ka. A ƙasar Kebbe, Kuchi da ƙauyukanta, akwai manoman fadama da makiyaya da ba a taɓa zama an saurare su ba. Sunan waɗannan garuruwa ba ya shiga labarai sai lokacin zaɓe ko in wata masifa ta auku. Duk tsohon da ya rasu kuwa, da abin da ya sani yake tafiya.

Aikin ba wasa ba ne, shi ya sa sai an koyar da shi. Dole ɗalibi ya fara gaida mai gari, ya nemi izini, ya zauna kan tabarma ya sauke kyamararsa daidai fuskar tsohuwa, kada ya tsaya mata a ka. Ya san iskar hunturu na cinye murya in bai kare makirufo ba. Ya iya yin shiru bayan tambaya, domin sau da yawa maganar gaske sai bayan an nisa take fitowa. Ɗaliba mace kuwa tana shiga cikin gida inda ɗan jarida namiji ba ya wuce zaure.

Muna da magabata a wannan hanya. Adamu Halilu ya daɗe yana fina-finan wayar da kai kafin ya shirya fim ɗin Shehu Umar a 1976. A Nijar, Oumarou Ganda ya fara ne a gaban kyamarar Jean Rouch, daga baya ya koma yin nasa fina-finan.

Za a ce babu kayan aiki. Wayar hannu mai kyau da ƙaramin makirufo da kwamfuta guda ta tace hoto sun isa fim na minti 15. Abin da ya rage shi ne jami'a ta biya kuɗin mota, ta buɗe ma'adana da za a adana ayyukan, Rima Talabijin ta ba su fili, sannan a koma garin a haska wa mutanen da aka ɗauka, kamar yadda ake majigi a da.