Lambar NIN Ɗinka a Hannun Ɗanka

Tun shekarar 2015 dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta haramta sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Cacar ƙwallo ta waya ma ba a yarda yaro ya shiga ba. Amma leƙa teburin mai tireda a Agege ko Sabon Ibadan, wa ke tambayar yaro shekarunsa? In da kuɗi a hannu, ciniki ya faɗa.

Ana sa ran shaidar ɗan ƙasa ta zamani ta toshe wannan ɓaraka. Lambar NIN da hukumar NIMC ke bayarwa tana haɗe da ranar haihuwarka da hotonka. Kamfanin caca ko mai sayar da kaya ta intanet zai iya neman ta, ko BVN ta banki, na'ura ta duba. In shekaru ba su kai ba, ta rufe ƙofa. Girman jiki ko tsiron gemu ba za su yi aiki a nan ba.

Sai dai na'ura lamba take gani, sau da yawa ba ta san hannun da ya latsa ba. A ƙa'ida, sai mai shekara 18 ke yi wa layin waya rajista, don haka layin da ɗanka ke riƙe da shi galibi da sunanka yake, ko na mahaifiyarsa. In takardar NIN ɗinka na yashe a kan tebur ya ɗauki hotonta, a wurin na'ura ya zama kai, magidanci mai shekara arba'in. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka, adana takardar nan kamar yadda kake adana katin ATM. Lambar sirri da ake turo maka ta saƙo, kada ka karanta wa yaro sai ka san me za a buɗe da ita. Riƙa duba saƙonnin banki, domin ƙananan kuɗin da ke fita a kai a kai su ke tona asirin caca. Kuma daina aiken yaro sayen sigari, ko da ta baƙo ce.

In mai shago ya nemi shaida, ranar haihuwa da fuska sun ishe shi. Kada ka bari ya ɗauki hoton lambarka. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka 'yancin tambayar abin da za a yi da bayananka.

Yau da dare, tambayi ɗanka manhajojin da ke wayarsa, ku duba su tare.