Sabon samfurin JF-17 da tambayar da manomin Kudan zai yi

A watan Mayun 2021 rundunar sojin saman Najeriya ta ƙaddamar da jiragen yaƙi uku ƙirar JF-17 Thunder a sansaninta na Makurɗi. Pakistan da Chaina ne suka haɗa gwiwa wajen ƙera jirgin, ana harhaɗa shi a Kamra, injinsa kuma na Rasha ne. Samfurin da muka saya shi ne Block II.

Kafin ma su iso, Block III ya riga ya yi tashinsa na farko a watan Disambar 2019. An sa masa sabuwar na'urar rada mai iya bin sawun jirage da dama a lokaci guda, da hular matuƙi mai nuna masa abin da zai harba, kuma yana ɗaukar makami mai linzami na PL-15 mai cin dogon zango. Azabaijan ta saye shi, arangamar Indiya da Pakistan ta Mayun 2025 kuma ta ƙara wa makaman Chaina kasuwa.

Sai dai mafi yawan wannan gyara an yi shi ne domin kakkaɓo jirgin abokan gaba. 'Yan bindigar da suka addabi Giwa da Birnin Gwari kuwa ba su da jirgi. Babura gare su, da daji, da masu kai musu tsegumi. Manomin rake a Hunƙuyi ko Maƙarfi, wanda yake jin labarin maƙwabtansa yana kwana da fargaba, yana da haƙƙin tambayar me sabuwar rada za ta tsinana masa. Aikin da ya shafe shi ya fi dacewa da Super Tucano guda 12 da Amurka ta sayar mana, masu tafiya a hankali, masu daɗewa a sama.

Ko su ɗin ma, sai da ingantaccen bayanan sirri. A Tudun Biri, ranar 3 ga Disambar 2023, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya hallaka aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi, kuma makamin bai saɓa saiti ba, masu ba da umarni ne ba su san wa suke kallo ba.

Jirgi uku ba runduna ba ce. Idan ɗaya ya shiga gyara saura biyu. Ga kuma M-346 guda 24 da aka yi oda daga Italiya, kowanne da nasa kayan gyara da horo. Kafin a yi zancen Block III, ya kamata kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya su nemi a faɗa musu sa'o'i nawa ukun nan suka yi a sama tun 2021, kuma a kan wa.