ZANCEN GIDA: Cinikin Biri A Sama

 Zancenmu na wannan wata a kan kyamarar ɗaukar bidiyo ne, irin mai arahar nan, da abin da ta jawo mini a gidana.

A Kirsimetin bara muka aurar da 'yar ƙanena a Aujara. Babban ɗana ya zo ya ce, "Baba, da mu biya mai bidiyo daga Dutse, gara mu sayi tamu, ta yi mana aure, ta yi baftisma, ta yi taron godiya." Maganar ta shige ni. Na sayar da gero na ba shi kuɗi, ya tafi Kano, ya komo da kyamara cikin kwali mai ƙyalli, da katin memori na gyara.

Ran biki majami'a ta cika maƙil. 'Yan zumuntar mata suka yi ta waƙa. Iya, wato uwata, ta dogara sandarta ta miƙe, ta sa wa ango da amarya albarka. Da dare muka taru mu kalla. Shigowar amarya kaɗai muka gani, sauran duk ya ƙi buɗewa. Kafin Ista Ubangiji ya kira Iya gida. Muryar nan tata da muka so jikoki su ji, ba mu da ita.

Sau biyu yaron nan yana komawa Kano. Mai shago ya ce masa, "Samari, ni ma haka na saya. Kaya in ya fita ba ya dawowa." Lambar wayar da ke jikin kwali ba ta shiga, adireshin kamfani kuwa babu. Wani mai gyara a Dutse ne ya warware mana. Ya ce katin jabu ne: an rubuta giga 64, amma cikinsa bai wuce 8 ba. In ya cika ba ya faɗa, kyamara tana ta aiki, hoto kuwa yana zubewa kamar ruwa a kwando. Batirin kuma an manne shi ciki, ran da ya mutu, kyamarar ta mutu.

Manya za su tuna da bidiyon kaset, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976. Shi ma yana da halinsa: ƙurar hunturu takan toshe kansa, yakan tauna kaset, wutar NEPA in ta zo da ƙarfi takan ƙone shi. Amma in ka kai shi Sabon Gari a Kano, akan buɗe, a share, a sake bel, ya tashi. Kayan araha na yanzu ba don gyara aka ƙera su ba. Gaskiyar Bahaushe da ya ce araha ba ta ado.

Ga shawarata, wadda na saya da tsada.

Na ɗaya, kafin ka tambayi kuɗi, tambayi wanda zai gyara, da inda ake samun batirinta. In an yi shiru, mai da kuɗinka aljihu.

Na biyu, karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata. Dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019 ta ba ka ikon mai da kayan da ya fito da aibi, amma ba ka da bakin magana in ba shaida a hannunka.

Na uku, gwada tun da sauran mako biyu. Ɗauki bidiyo har katin ya cika, sa'an nan ka kalli farko, da tsakiya, da ƙarshe. Kada ka yi caji da janareta mai hawa da sauka.

Na huɗu, ran da ba ta maimaituwa, kada ka dogara ga na'ura ɗaya. Sa mutum biyu su ɗauka da wayoyinsu, a kwafe a ajiye wuri biyu tun daren.

Masu kaset ɗin aure a ƙasan akwati kuma, ku sani kamfanin Funai, na ƙarshe mai ƙera injin kaset, ya daina tun 2016. Ku kai a juye muku tun ana samun injin da zai karanta.

Laifin ba na mai shago kaɗai ba ne. Ni ma kwaɗayin sauƙi ya ja ni, ban zauna na yi lissafi ba, kamar yadda Ubangijinmu ya koyar game da mai son gina hasumiya. Ku karanta Luka 14:28-30 a sujadar iyali. Ku kuma 'yan'uwa masu shago, ku duba Karin Magana 11:1. Katin da ya faɗi 64 yana ɗauke da 8, mudun zamba ne, ko da ba a auna hatsi da shi. Kirista in ya sayar da abu ya lalace, kada ya ɓuya a bayan kanta.

Yanzu nakan tara jikokin Iya da yamma, in faɗa musu albarkar da ta sa, kalma kalma, iyakar abin da na riƙe. Ku ma in kuna da tsofaffi a gida, ku zauna ku saurare su tun suna nan.

Ubangiji ya ba mu hikima cikin saye da sayarwa. Amin. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.